ALLON MALAM: Mai Sayen Tsohuwar Bindigar Farauta, Harsashi Zai Fara Tambaya

 

Wasiƙar da za mu duba a wannan karo ta fito ne daga wani Alhaji ɗan kasuwa a Garwa. Ya ce shi jikan maharba ne, kakansa da adaka ya ci abinci har ya tsufa. Yanzu da Allah ya hore masa, yana so ya taɓa farauta irin wadda hukuma ta yarda da ita, a yankunan farauta na wajen Faro da Binuwai. Sabuwar karabin ta fi ƙarfin aljihunsa, amma an yi masa tallar wata ta hannu, wadda wani tsohon jagoran farauta ke so ya rabu da ita. Yana tambaya yaya zai gane ta ƙwarai, kuma wane harsashi ne ya dace da ɓauna da gwanki.

To, Alhaji, tambayoyinka biyu duk suna kan hanya, sai dai ka jera su a juye. Harsashi ake fara zaɓa, sa'an nan a nemo bindigar da ke cin sa. Harsashi shi ke tafiya ya iske dabba, shi ne kuma za ka riƙa saye duk shekara, alhali bindiga sau ɗaya ake biyan kuɗinta. Mutane da yawa sun ga katako mai sheƙi da sunan kamfani na Turai, sun biya, daga baya suka tarar babu inda ake sayar da abincinta daga Marwa har Duwala. Tana nan rataye a bango, ta zama kayan ado.

Dalilin da ya sa na ba wannan magana fili guda kuwa shi ne, kuskuren mai saye ba shi kaɗai ke biyan sa ba. Namijin ɓauna na dajinmu yakan kai rabin tan. In aka harbe shi harsashi bai isa inda ya kamata ba, yakan shige doguwar ciyawa ko kurmin bakin rafi ya laɓe. Wa ke gaba in an bi shi? Mai bin sawu ne, idonsa a ƙasa yana neman ɗigon jini, galibi hannunsa babu komai sai sanda. Talaka ne ɗan ƙauyen gefen daji, mai mata da 'ya'ya. In kuma ba a same shi ba, gobe ko jibi makiyayi ne zai yi kiciɓis da shi, ko matar da ta fita itace. Ga haƙƙin ita dabbar, don addininmu ya hore mu da kyautata kisa, a ambaci sunan Allah wajen harbi, in an tarar da sauran rai a yanka, kada a bar ta tana yawo da ciwo kwana da kwanaki.

Kafin mu shiga lissafin harsasai, akwai maganar takarda, wadda in babu ita babu ciniki ɗungurungum. Dokar makamai ta ƙasar nan ita ce ta ranar 14 ga Disamba 2016, kuma ba a sayen bindigar farauta ko a riƙe ta sai da izinin ma'aikatar mulkin cikin gida. Izinin da ke hannun mai sayarwa nasa ne, ba ya bin bindiga zuwa gidanka yadda igiya ke bin akuya. Sai ka nemi naka tukuna. Lambar da aka buga a jikin ƙarfe ta dace da ta takarda, harafi da harafi. In ka ga alamar an goge lamba ko an sake buga ta, ka yi sallama ka tafi, ko da kyauta aka ce a ba ka. A arewacin nan da ake fama da 'yan tare hanya da masu garkuwa da mutane, bindigar da ba ta da asali ba ka san abin da aka aikata da ita ba, kuma ranar da aka kama ta a hannunka kai za a tambaya.

Lasin farauta kuma daban yake, ma'aikatar gandun daji da namun daji ke ba da shi, akwai na ƙaramar farauta, da matsakaiciya, da babba. Dokar 1994 ta kasa namun daji gida uku, A da B da C. Na rukunin A, irin su raƙumin dawa, an ba su cikakkiyar kariya. An sabunta dokar a watan Yuli na 2024, saboda haka ka je ofishinsu ka karɓi jerin dabbobin da kwanakin buɗe farauta da rufe ta daga bakinsu, kada ka dogara da labarin tasha. Cikin gandun Binuwai da Faro da Buba Njidda ba a harbi sam, sai a yankunan da aka ware a kewayensu. Wanda ke ganin wannan tsanani ne ya tuna da karkanda. Dajin arewacin Kamaru shi ne mafakarta ta ƙarshe, aka bincika a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka ba da sanarwar wannan iri nata ya ƙare a duniya. A farkon 2012 kuma maharban sata a kan dawakai suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njidda. Jikan maharba ya fi kowa sanin cewa dajin da kakansa ya sani ba shi ne na yau ba.

Yanzu sai mu ɗan koma aji, don sunayen harsasai suna rikita mutane. Karabin ita ce bindiga mai murɗaɗɗen zane a cikin bututu, wadda ke harba dalma ɗaya tana juyawa, ba kamar kalibar 12 da muka saba gani ba, mai santsin ciki, mai watsa ƙwayoyi. Jamusawa da sauran mutanen Turai suna kiran harsashi da lamba biyu. In ka ga 9.3×62, to, kaurin kan harsashin milimita 9.3 ne, tsawon kwanson kuma milimita 62. Ingilishi da Amurkawa da inci suke awo, .375 ɗinsu kuwa ya yi daidai da milimita 9.5. A .30-06, lambar farko kauri ce, ta biyun shekara, watau 1906, lokacin da sojan Amurka suka ɗauke shi. Wanda ya gane wannan ba za a yi masa rufa-ido a kanti ba.

Ga mai nufin ɓauna, a ganina harsasai biyu ne suka cancanci ya sa a gaba. Na farko .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912. Kansa mai nauyin giram 19 da ɗoriya yana fita da gudun wajen mita 770 a sakan. Kwansonsa dogo ne mai tsukewa a hankali zuwa wuya, shi ya sa yake shiga ɗaki ya fita sumul ko da rana ta gasa ƙarfe, abin da ke da amfani ga mutumin da zai yi harbi a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce awo 40. Sama da shekara ɗari ke nan, har yanzu da wuya ka shiga sansanin farauta a Afirka ka rasa shi. A ƙasashen Afirka da yawa ma doka ba ta yarda a tunkari ɓauna da abin da bai kai shi ko 9.3 ba.

Na biyun shi ne 9.3×62, kuma yana da tarihi da ƙasarmu. Wani maƙerin bindiga na Balin mai suna Otto Bock ya tsara shi a 1905, saboda Jamusawan da ke zaune a ƙasashen da suka mallaka a Afirka, Kamaru kuwa tana cikinsu har 1916. Suna bukatar harsashi mai ƙarfi wanda zai shiga bindigar Mauser ta yau da kullum mai sauƙin kuɗi. Kansa giram 18 da rabi ne, gudunsa wajen mita 720 a sakan. Bai kai .375 ƙarfi ba, amma tazarar ba ta da yawa a nisan da ake harbin ɓauna, shurinsa a kafaɗa ya fi sauƙi, bindigarsa ta fi gajarta, rumbunta kuma yakan ɗauki harsashi huɗu ko biyar. In da ni ne ke da zaɓi, kuma na tabbatar ana samun sa a kantin da zan riƙa saye, shi zan ɗauka. In ba a samun sa, .375 ba ta da abin kushewa.

Wanda bai da niyyar ɓauna, gwanki da kanki da mariya da gwambaza kawai yake so, .30-06 ta ishe shi, da kai mai giram 11.7. Haka ma 7×64, wanda za ka yawaita gani a bindigogin da suka biyo hannun Faransawa. Dalilin yawansa kuwa, har zuwa 2013 dokar Faransa tana tsananta wa farar hula a kan harsasan da soja ke amfani da su, sai mafarautansu suka koma wa waɗanda ba na soja ba. Amma babban gwankin nan da Fulani ke kira yamusa, Turawa kuma suke ce wa elan na Derby, wanda baƙi ke ƙetaro teku dominsa, namijinsa yakan doshi tan guda. Shi kam a ba shi harsashin ɓauna.

Za ka ji masu cewa ai ƙaramin harsashi ma yana kashe giwa, har su kawo labarin Bature Bell, wanda ake wa laƙabi da Karamojo, da ya kashe giwaye wajen dubu a farkon ƙarni na 20, da yawansu da ɗan harsashin 7×57. Labarin gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa shi ne, mutumin ya tsaga kawunan giwaye ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take, yana harbi kusan kullum, shekara da shekaru. Ɗan kasuwar da zai shiga daji mako ɗaya a shekara ba sa'ansa ba ne. Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen, su ce sai .416 Rigby ko .458 Winchester, wai a yi ta ta ƙare. Waɗannan na jagoran farauta ne, wanda aikinsa ya tsayar da dabbar da ta taso wa mutane a taku goma. Ita kanta .375 shurinta ya kusa ninka na .30-06. In bindiga ta fi ƙarfin mai ita, yakan fara runtse ido yana fizgar kunama tun kafin ta tashi, harsashi ya tafi ciki ko cinya. Gara 9.3 a huhu da .458 a tumbi. Tsofaffin bindigogi masu cin 10.75×68 ma suna nan a hannun mutane tun zamanin Turawa, ana kuma sayar da su da araha. Ka bar su. Harsashin ya yi suna wajen rashin nutsewa cikin babbar dabba, samun sa kuma yau sai an sha wuya.

Maganar samuwa ba ƙarama ba ce. Kafin ka yi ciniki, je wurin dillalin makamai mai lasi ka tambaye shi waɗanne harsasai yake kawowa a kai a kai, nawa ne kwali, kuma nawa izininka ya ba ka damar saye. Ka tuna a watan Afrilu na 2018 hukuma ta dakatar da sayar da bindigogin farauta da harsasai a jihohi shida, har da Adamawa. A irin wannan hali mai harsashin da kowa ke da shi yakan farfaɗo da wuri in an buɗe, mai baƙon harsashi kuwa sai ya yi ta jira.

Sai a kula da sunaye masu kama da juna. 9.3×62 daban, 9.3×64 daban, 9.3×74R daban. .375 H&H ba ita ce .375 Ruger ba. Mafi haɗari shi ne 8×57 na Jamus, wanda yake iri biyu: tsohon mai kaurin milimita 8.08, da wanda soja suka koma wa a 1905 mai 8.2, da ake sa wa harafin S. In aka cusa mai kaurin a tsohon bututu matsattse, ƙarfin wutar yana iya wuce abin da ƙarfe zai ɗauka, fuskar maharbi kuwa tana nan dab da wurin. Bugu da ƙari, akwai bindigogin da wani maƙeri ya sake wa ɗaki bai sake rubutun jiki ba. Saboda haka abin da aka rubuta a bututu shaida ce ta farko kawai, sai maƙerin bindiga ya auna ya tabbatar.

Kan harsashi ma iri-iri ne. Akwai mai taushin baki, wanda ke buɗewa kamar naman kaza in ya shiga jiki, akwai kuma dunƙulalle wanda ba ya buɗewa, sai dai ya huda ƙashi ya wuce. Mai taushi na araha yakan farfashe a kafaɗar ɓauna bai kai huhu ba. Irin abin da ya faru ke nan da wani Ba'amurke, John Nosler, a farautar wata babbar dabba a Kanada a 1946, har ya sa ya ƙera kai mai shamaki a tsakiya, gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da tafiya. Ana sayar da shi da sunan Partition tun 1948. Daga baya aka sami na tagulla zalla irin na Barnes. Sun fi tsada, amma harsashi nawa za ka harba wa dabba a shekara? Harsashin soja kuwa, da bindigar soja, doka ta hana farauta da su, kada ma a kawo maka zancen.

To, an zaɓi harsashi, sai bindiga. Ka nemi mai sakata, wadda masu Faransanci ke kira kulas, wato wadda ake ɗaga hannunta a ja baya a tura gaba. Mai baki biyu ta manyan dawa kuɗinta ya kai na mota, tsohuwarta kuma in ta lalace ba mai gyara ta a kusa. Uwar masu sakata ita ce Mauser ta 1898. Tana da wani dogon farce a gefen sakata wanda ke cafke gindin kwanso tun yana fitowa daga rumbu, ba ya sakin sa sai ya jefar da shi waje. Amfaninsa yana bayyana ne ranar da hannu ke rawa, mutum ya ja sakata rabi ya mayar: harsashi biyu ba za su cushe a hanya ba. Bindigogin Brno ZKK 602 da CZ 550 na ƙasar Cek, da Mauser ɗin da kamfanin FN na Beljiyam ya ƙera, duk wannan tsari suka bi. Winchester 70 ma haka take daga 1936 zuwa 1963, aka sauya ta a 1964, sa'an nan aka dawo da farcen a shekarun 1990. Masu ƙaramin farce irin Remington 700 suna da saiti ƙwarai, kuma ga gwanki ba su da laifi. Ga ɓauna dai na fi natsuwa da mai dogon farcen.

Ranar dubawa ka tafi da rana tsaka, ka tafi da wanda ya san bindiga, in da hali maƙerinta. Cinikin biri a sama ba na wannan kaya ba ne. Abu na farko, a buɗe sakata, ka duba ɗaki da rumbu da idonka, ka sa yatsa ka tabbatar babu harsashi, ko da mai ita ya rantse. Bakinta kuma kada ya dubi kowa tun daga farko har ƙarshe.

A zare sakatar, a goge bututu da tsumma busasshe. Wannan gogewa wajibi ce, don mai yana ɓoye tsatsa, kuma mai sayarwa ya san haka. Ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa ta baya. Zanen ciki ya kamata ya fito sarai, gefensa da kaifi, tun daga farko har baki. In ka ga ciki ya yi duhu, ko ya yi ƙuraje kamar fuskar mai zanzana, tsatsa ta ci shi. Tsofaffin harsasan soja suna barin wani gishiri a bututu, wanda in ba a wanke da ruwa ba yakan jawo laima, damina ɗaya ta isa ta lalata shi. Ka fi mai da hankali ga maƙogwaro, wato ɗan wurin da zane ya fara a gaban ɗaki. Nan wuta ta fi ci, nan ne kuma bututu ke fara tsufa. In zanen wurin ya shafe, ko ya yi tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, bindigar ta ci rabonta. In kuma ka hangi wani zobe mai duhu a tsakiyar bututu, ka shafa ta waje, watakila ka ji ɗan kumburi. Alama ce an taɓa harbi da wani abu toshe a ciki, ko laka ko gidan zanzaro. Wannan ba a sayen ta ko nawa aka rage.

Daga nan ka juya ka dubi leɓen bututu, inda harsashi ke yin sallama da bindiga. 'Yar lotsawa a nan, irin ta wanda ya saba jingina bakin bindiga a ƙasan mota, tana karkatar da harbi. Wannan dai maƙeri yana iya gyarawa, sai a rage a kuɗi.

Sakata tana da tata lamba a yawancin bindigogin Turai, ta dace da ta jikin bindigar. In ba su dace ba, an yi aron sakata daga wata, kuma mai yiwuwa tazarar da ke tsakanin fuskarta da gindin kwanso ta wuce ƙa'ida. Tazarar nan ba ta fi kaurin 'yan takardu ba, ido ba ya ganin ta, amma in ta yi yawa kwanso yana iya tsinkewa, wuta ta dawo baya. Maƙeri yana da ɗan ma'aunin ƙarfe mai siffar kwanso da yake sakawa ya gani ko sakata za ta rufe a kansa. Aikin minti biyar ne. Ka nemi kuma hatimin gidan gwaji da ake bugawa a gindin bututu, irin na Landan ko Bamingam ko Liyaj ko Sant Etiyen, wanda ke nuna an gwada ƙarfen da wutar da ta fi ta kullum kafin a sayar.

Ƙota kuwa, kada sheƙinta ya ɗauke maka hankali. Sabon fenti a tsohuwar bindiga ni tambaya yake sa ni yi. Ka duba bayan inda ƙarfe ya ƙare, wajen da hannu ke kamawa, da tsakanin rumbu da kunama. Nan katako ke tsagewa a bindigogi masu shuri, tsagar kuma siririya ce kamar gashi, sai an ɗan murɗa ƙotar take buɗe baki. Katakon da ya sha mai har ya yi baƙi ya yi laushi shi ma ya gama aiki. Kawunan kusoshi in sun cinye, hannun da bai iya ba ya sha buɗe ta. Nauyi ma abin dubawa ne: .375 da ba ta kai kilo 4 ba za ta wahalar da kafaɗarka, don duk yadda bindiga ta yi sauƙi haka shurinta ke ƙaruwa.

Sai kunama da makulli, har yanzu dai babu harsashi. Ka ɗana ta, ka sa makulli, ka ja kunama da ƙarfi. Kada ta tashi. Ka saki kunamar, ka cire makulli. Nan ma kada ta tashi. Ka sake ɗanawa, ka rufe sakata da ƙarfi sau da yawa, ka ɗan buga gindinta a kan tabarma. In allura ta faɗa ko sau ɗaya, wani ya taɓa goga kunamar don ta yi taushi, kuma irin wannan bindiga ita ce ke tashi a bayan mai bin sawu ana cikin tafiya.

Duk wannan dubawa ba ta kai harbi ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. A wurin da hukuma ta yarda, da tudu a bayan abin saiti, ka cika rumbu da irin harsashin da za ka yi farauta da shi. Ka dafa bindigar a kan buhun yashi ka harba uku a mita 100. In ramukan uku sun taru a fili da bai fi tafin hannun yaro ba, kamar santimita 5 zuwa 7, ta isa, don huhun ɓauna ya fi faranti faɗi, kuma galibi a ƙasa da mita 100 ake harbin ta. In ramin ya fito a kwance maimakon zagaye, harsashi yana tuntsurawa a iska, bututu ya mutu. Sa'an nan ka miƙe tsaye ka harba sauran da sauri, kana jan sakata da ƙarfi yadda za ka yi in abu ya taso maka. Ka lura ko kowane harsashi yana hawa ba tare da tuntuɓe ba, har na ƙarshe, kuma ko murfin ƙasan rumbu yana buɗewa da kansa saboda shuri ya zubar maka da harsasai a ƙafa. Yana faruwa, kuma ba ya zaɓar rana.

Kada ka zubar da kwansunan da ka harba, su ne za su gaya maka abin da ke cikin ɗaki. Kwanso mai kyau yana fitowa sumul. In ya kumbura ta gefe ɗaya, ko ya yi zane-zane, ɗakin ya lalace. In ka ga wani zobe mai haske kusa da gindinsa, ko 'yar cibiyar da allura ke bugawa ta turo waje ko ta huje, a mayar wa maƙeri. In sakata ta yi tauri wajen ɗagawa bayan harbi, a dakata nan take. Mai sayarwar da ya hana gwaji, ko ya ce harsashi ya yi tsada, ka ce kai za ka biya. In ya sake kawo wani dalili, ka riƙe kuɗinka.

Madubin saiti da ke kan tsohuwar bindiga kada ka sa shi a lissafin kuɗi sai ka gwada shi, don da yawa shuri ya riga ya kashe su. In za ka sayi sabo, mai ƙaramin ƙarfi ya fi, wanda ke farawa daga ninki ɗaya da rabi zuwa biyar ko shida. Mai jawo abu ninki goma sha biyu, in ɓauna tana taku ashirin, baƙin gashi kawai zai nuna maka. Saitin ƙarfe na kan bututu kuma ya kasance yana nan daram, don ranar da madubi ya fashe. Tsofaffin harsasan da za a haɗa maka da su gyara, in sun yi kore ko sun sha zafin mota shekara da shekaru, kada ka kai su gaban dabba. Kuɗin da ka rage wajen sayen ta hannu, ka sa wani kaso a harsasan koyo, ka yi harbi a tsaye da kan sandunan dafawa kafin lokacin farauta, ka kuma roƙi jagoranka ya nuna maka inda ake sa harsashi: a bi layin ƙafar gaba a hau kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki. Waɗanda suka yi karatu a makarantar namun daji ta Garwa, wadda ke horar da ma'aikatan gandun daji na Afirka tun 1970, suna nan a cikinmu, ba sa rowar sani in an tambaye su da ladabi.

In Allah ya sa ciniki ya faɗa, ta iso gida, mai kaɗan take so, musamman da hunturu, don ƙura tana haɗuwa da mai ta zama kamar tuwo a cikin sakata. Da damina kuma a riƙa duba bututu duk wata. A ajiye ta a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a zare sakatar a ɓoye ta wani wuri, harsasai kuma a wani wurin na uku, mabuɗi a jikin maigida. Mu da muke yini da yara a aji mun san babu saman katanga ko ƙarƙashin gado da hannun ɗan shekara goma ba ya kaiwa, kuma duk abin da uba ya ɓoye a gida, kafin mako ya zagayo 'yan ajinsu sun ji labarinsa.

Masu wasiƙu a kan kuɗin makarantar 'ya'ya mata, na gan su, su za mu duba a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.